Ƙarar da Ta Kori Mai Walda

Washegarin ranar da Mai Walda ya kwashe kayansa daga shagon da ke jikin katangar gidan su Injiniya, Baba ya kunna rediyonsa da hantsi, sai ga ƙarar nan dai, ɓuuu, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Injiniya yana tsakar gida yana ɗaura takalmi. Yana jin ƙarar ya saki igiyar takalmin.

Gyaran rediyo da talabijin ne sana'arsa, shi ya sa duk unguwa ake ce masa Injiniya, kuma in ya yi magana a kan wuta ba mai ja da shi. Shi ya tsaya bakin titi yana kumfar baki, wai injin walda ne ke hana mahaifinsa jin labarai, tsohon da ido ya tafi, ba shi da abokin hira sai rediyo. Shi ya yi ta sintiri gun mai shagon har aka ba bawan Allah notis. To ga shago a kulle, ga ƙara tana nan daram.

"Ɗan nan," in ji Baba daga ɗaki, "ai na gaya maka ko ran da ba ya aiki tana yi."

Ya gaya masa kuwa. Injiniya ne ya yi dariya ya ce kunnen tsufa ne.

Ya ɗauki ƙaramin rediyo mai batir, ya murɗa shi inda ba tasha, ya ja eriya, ya shiga bin ƙarar ɗaki-ɗaki. Abin da ya kamata ya yi tun farko ke nan, kowane mai gyara ya san sai ka kashe naka kafin ka nuna na wani. Wajen katanga ƙarar ta yi ƙasa. Wajen kicin ta ɗaga. Da ya isa lungun da ya kafa na'urar cajin sola da hannunsa, rediyon ya kusa tsage masa kunne. Ya kashe na'urar, gida ya yi tsit, sai muryar mai karanta labarai tangaram daga ɗakin Baba.

Wayyo! Ya ma san dalili. Wayar na'urar ta zo da wani baƙin kullutu a jikinta, zoben da ke shanye irin wannan hayaniya. Ranar kafawa kullutun ya ƙi shiga ramin bango, shi kuma ƙyuya ta hana shi faɗaɗa ramin, ya sa filaya ya ɓalle shi. Sola da rana take caji, walda ma da rana ake yi, shi ke nan aka rataya wa kare laifin kura.

Gyaran bai ɗauke shi komai ba. Ya ciro wani zoben a jikin tsohuwar wayar kwamfuta, ya naɗa, ya nisanta wayar daga ɗakin Baba. Kunyar ce ta ƙi gyaruwa. Matarsa ta tsaya ta gama kallonsa, ta koma kicin. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ya tafi gun mai shagon yana sunkuyar da kai. Mutumin ya tafa hannu: "Haba Injiniya, sai yanzu? Ai tela ya karɓi makulli tun jiya."

A bayan tashar mota ya sami Mai Walda, gindin wata bishiya, ya ja wuta daga shagon wani mai faci, ƙarafansa zube a ƙasa ba ko rumfa. Yana hango shi ya ɗage tabarau ya miƙe.

"Yaya! Ya jikin Baba? Ƙarar ta daina ko? Wallahi abin ya tsaya mini a rai, a ce ni na takura wa tsoho."

Injiniya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce:

"Ba kai ba ne. Daga gidana take. Ni na jawo."

Mai Walda ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa.

"Shagon fa?"

"An ba tela."

Mai Walda ya gyaɗa kai a hankali. Injiniya ya fara rantse-rantse, zai bi unguwa gida-gida ya faɗi gaskiya, zai fara da gidan Mai Walda.

"A'a, Yaya, don girman Allah kar ka je gidana. Uwar yaran nan ta sha kuka, da ƙyar ta haƙura, don na ce mata saboda tsoho makaho muka tashi. In ta ji a banza ne, me zan ce mata?"

Ya sauke tabarau ya durƙusa kan aikinsa. Injiniya ya tsaya nan tartsatsi na zuba kusa da takalminsa, ya kasa tafiya, ya kasa zama.