Jar Hular da Aka Ara wa Nomau

Nomau mutumin Hamdara ne, kuma Allah ya ba shi wata baiwa da ba ta cika rumbu: duk wanda ya gani sau ɗaya sai ya kwaikwaye shi. Tafiyar liman, tarin mai gari, yadda mai awo ke lumshe ido in zai tauye mudu, duk suna jikinsa. Lokacin da mahaifiyarsa Hajara ke da rai, ita ce 'yar kallonsa. In ya dawo daga gona sai ya tsaya tsakar gida ya yi mata, ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane, ta ce, "Allah ya shirye ka, ɗan nan." Ta rasu tsakiyar damina. Ƙanensa kuwa tun bara aka kwashe shi aikin dole na Nasara, ba shi ba labarinsa. Gida ya rage daga Nomau sai akuya, ita kuwa akuya ko tafiyar wa ka yi mata, kallonka za ta yi tana tuƙa.

Kaɗaici ya ci shi ƙwarai. Abinci dai akwai, don gero ya yi kyau a shekarar. Abin da ya rasa shi ne mutum ya dube shi ya yi dariya. Da aka gama girbi sai ya bar wa maƙwabci akuyar ya nufi Zinder, don ya ji samarin Birni, tsohuwar unguwar garin, na wasan kara. Wasa ne da ake ƙera komai da karan gero, bindiga da tabarau har lambar ƙirji, wannan ya zama alƙali, wancan ya zama Kumandan, Baturen da ke mulki a bariki. A zaga unguwanni ana kwaikwayon manya, jama'a na dariya suna ba 'yan wasa ɗan gero ko gyaɗa.

Shugaban 'yan wasan wani baduku ne mai suna Illa. Nomau ya same shi a rumfa yana ɗinkin jaka, ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi. Illa ya ce, "Bana kowa ya riga ya kama nasa. Ka zauna ka yi kallo, ka taya mu fiƙe kara, baɗi ma gani." Maganar gaskiya ce, ba wulaƙanci a ciki. Amma wanda ya baro gida babu kowa, in aka ce masa baɗi, kamar an ce masa tashi ka ba mu wuri ne.

Ya samu wani zaure yana kwana, da rana ya yi ta yawo cikin lungunan Birni, rairayi na cika masa takalmi. Garin cike da mutane, ba wanda ya san sunansa. Ya kan je kusa da bariki ya tsaya daga nesa yana kallon gardawa, 'yan tsaron Nasara masu jar hula. Yawancinsu daga can yamma aka kawo su, Hausarsu ba ta wuce zagi ba. Ya ɗauke tafiyarsu tsaf, da yadda suke turo ƙirji, da tsawar nan tasu. Daga nan ya nemi inuwar wani bango inda ba kowa, ya yi wa bangon.

Wata rana da hantsi yana cikin yi wa bango tsawa, sai ya ji an fashe da dariya a bayansa. Ya waiwaya, ya ga wani mutum fes da shi, riga fara, gemu a gyare, ya dafe ciki yana cewa, "Kai! Sake, don Allah sake!" Tun rasuwar Hajara ba wanda ya yi masa dariya irin wannan. Ai kuwa ya sake, har sau nawa.

Mutumin ya ce sunansa Suma'ila. Da ya ji abin da ya kawo Nomau garin, sai ya ce, "Ɗan'uwa, me kake yi da wasan kara? Wannan ai na yara ne. Ni nake haɗa waɗanda za su yi wasa gaban Kumandan ranar bikinsu. Irinka nake nema, wallahi."

Ya kai shi wani gida, ya buɗe wani ƙunshi. Jar hula ta gaske, riga ta kaki, ɗamarar fata, da bulala. Ba kara ko ɗaya. Nomau ya sa, ya ji kamar an naɗa shi sarauta. Da a ce ya koma ya tambayi Illa ko ya san wannan mutum, da labarin ya ƙare a nan. Bai koma ba, yana jin haushin baɗin nan.

Suma'ila ya ce, "Amma sai na gwada ka a ƙauyuka tukuna. Kai ne gardi, ni ne tafinta. Ka yi ta zuba maganar Nasara, ni in fassara. Sharaɗi ɗaya ne: ko me za a yi, kada ka yi dariya, kada ka yi Hausa. Ɗan wasan da ya fita daga wasa ya ɓata."

Suka kama hanyar gabas da jakuna biyu. In sun kusa gari, Suma'ila ya kan ce ya jira a gindin kuka, shi zai shiga ya sanar 'yan wasa sun iso. A garin farko Nomau ya shiga yana taku, ya daka tsawa, "Ale! Ale, bit!" Suma'ila ya ce, "Kumandan ya ce a fito da gero saboda sojoji!" Haka ake faɗi a wasan kara ma, don haka Nomau bai ji komai ba. Mutane suka fito da gero. Sai dai ba wanda ya yi dariya, ko murmushi babu.

Abin ya dame shi a hanya. Ya ce, "Malam Suma'ila, ko ban iya ba ne?"

"Mutanen gabas kunya gare su. Sai mun juya baya suke yi. Ka ƙara wuta dai."

Shi kuwa bawan Allah ya ƙara. A gari na biyu ya zare ido, ya kaɗa bulala a iska har ta yi ƙara, ya shuri wata ƙwarya. Yana yi yana satar kallon fuskoki, yana neman ko mutum ɗaya da bakinsa zai motsa. Kowa kansa a ƙasa. Geron dai ya fi na jiya yawa, jakuna har suna nishi. Zuciyarsa ta ɗan yi masa wani iri, ya danne, don in ya yarda da abin da take faɗi, to ba sauran bikin Kumandan, ba sauran aboki, sai komawa gindin bango.

Gari na uku ƙarami ne, kuma daga ganin rumbunansu damina ba ta yi musu kirki ba. Aka taru a dandali bayan azahar. Nomau ya yi tsawarsa, Suma'ila ya fassara, aka fara ajiye ɗan abin da ke akwai. Can sai ga wata tsohuwa, ya ji ana kiranta Kulu, ta taho da ɗan dami a ka, ta sauke a gabansa.

Nomau ya dubi damin. Zangarnu ne dogaye, cikakku, zaɓaɓɓu ɗaya bayan ɗaya, an ɗaure su da kaba, sun yi duhun hayaƙi saboda rataya a saman murhu. Iri ne. Shi manomi ne, ya san ko yunwa na kashe mutum ba ya taɓa wannan, balle ya ba ɗan wasa tukuici. Ya tuna garin jiya da na shekaranjiya, da kawunan nan duk a sunkuye, kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Ya sunkuya ya ɗauki damin ya rungume. Suma'ila ya dubi fuskarsa, ya gane. Ya ce wa jama'a, "Bari in shayar da jakuna," ya kora su ta bayan gari da kayansu, tafiyar da bai dawo ba ke nan.

Nomau ya cire hular ya yar, ya jefar da bulalar. Ya ce, "Jama'a, wasa ne. Ni ba gardi ba ne. Sunana Nomau, ɗan Hajara, daga Hamdara. Yaudarata aka yi, ni ma na yaudare ku."

Da suka ji Hausa tsantsa a bakinsa sai tsoronsu ya ƙaru, don ashe duk abin da suka yi ta raɗa a gabansa yana ji. Mai garin ya durƙusa. Sun taɓa ganin gardin da ya ce a ɗauki kaya, da aka ɗauka ya ce sata ce.

Nomau ya miƙa wa Kulu damin. "Inna, karɓi irinki."

Ta mayar da hannuwa baya. "Ranka ya daɗe, na bayar. Ban riƙe komai ba, a je a duba ɗakin."

"Inna, don girman Allah, dube ni. Ɗan wasa ne ni. Ga shi ki gani."

Ya ajiye damin a ƙafarta, ya ja baya, ya shiga yi musu duk abin da ya iya. Ya yi mai awo yana lumshe ido. Ya yi tsohon da kunama ta harba yana tsakiyar gaisuwa. Ya yi kukan jaki, ya faɗi ya yi birgima cikin ƙasa da rigar kakin, ya tashi gumi na zuba. A rayuwarsa bai taɓa yin wasa mai kyau kamar na ranar ba. Mata suka ja 'ya'yansu jiki.

Ya tsaya yana haki. "Ba wanda zai yi dariya?"

Mai garin ya ɗago kaɗan, ya dubi mutanensa, ya dubi bulalar da ke yashe kusa da hular. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in dariya ake so, sai mu yi." Ya juya ya ce, "Ku yi masa."

Suka yi. Gari guda, maza da mata, a durƙushe, ido a ƙasa, suka buɗe baki suna ha, ha, ha. Kulu ma tana yi, hawaye na bin kumatunta, damin irinta na nan a gabanta ba ta taɓa shi ba. Nomau ya tsaya tsakiyarsu hannuwa a sake, yana jira su daina, su kuma suna jira ya ce ya isa.