Gadon Jego Don Kunkuru

A Tudun Wada akwai gidan Malam Uzairu, malamin firamare. Yana zaune da iyalinsa da mahaifiyarsa Iya, wadda ta yi shekara talatin tana kula da masu jego. 'Yarsa Amatullah, mai shekara goma, tana da ɗan kunkuru da aka tsinto mata a gona a Doguwa, ta sa masa suna Gaggawa. Gaggawa bai rasa ganye ba, bai rasa ruwa ba, rana ce ya rasa. Marka ta kankama, kwana shida ba a ga idon rana ba, ya shige ƙoƙonsa ya daina ci.

Kawunta Salim ya aiko daga Kano da wata 'yar shimfiɗa mai ɗumi da lantarki, faɗinta kamar faifai. Malam Uzairu ya manna ta a ƙarƙashin akwatin gilashin da Gaggawa ke ciki, daga waje, a gefe guda kawai. Ya ɗora akwatin a kan marafan kwalba huɗu don iska ta ratsa, ya jona wayar a batirin sola, ya ajiye ma'aunin zafi a kan yashin da ke cikin akwatin.

Washegari Gaggawa ya ci ganye. Amma da ya ɗan ji ɗumi sai ya ja jiki ya koma gefen sanyi. Amatullah ta mai da shi, ya koma. Ta sake, ya sake.

"Iya, dubi marar godiyar nan! Sau bakwai yau ina mai da shi!"

"Laifin ubanki ne," in ji Iya. "Wa ya taɓa hura wa mai jego rabin gado? Rowar wuta ce kawai."

"Iya, a bar shi ya yi yawonsa," in ji Malam, yana saka takalmi zai tafi masallaci.

Da safe, bayan Malam ya fita, Amatullah ta raba akwatin da guntun katako, ta tsare Gaggawa a gefen ɗumi. Iya ta cire marafan kwalbar, wai akwati na rawa, ta lulluɓe shi da bargonta.

"To, ɗan nema, sai ka tashi mu gani," in ji Amatullah, ta ɗauki jakarta.

Da azahar ta dawo tare da babanta, ta yaye bargon. Gaggawa ya miƙe wuya, baki buɗe, kumfa a hanci, yana ta kartar katakon. Gilashin ƙasa kuwa hannu ba ya iya taɓa shi.

"Baba! Zai mutu! A kawo ruwan randa!"

"A'a, ba mai sanyi ƙwarai ba." Malam ya zare wayar, ya sirka ruwa kaɗan a faranti, ya zaunar da kunkurun a ciki a inuwa. Ya dafe goshi ya ja dogon numfashi.

"Ni fa jikoki goma sha ɗaya na gasa iyayensu, ba wadda ta yi kumfa," in ji Iya.

"Gaskiya ne, Iya. Amma in gado ya yi wa mai jego zafi, me take yi?"

"Sauka take, har da tsaki."

"To, shi ba ya gumi, ba ya tsaki. Ƙafa kawai Allah ya ba shi, ita kuma aka tare."

Iya ta naɗe bargonta tana gunaguni, wai dabbar da ba ta shan kunun kanwa ba ta cancanci jego ba.

Sai bayan la'asar Gaggawa ya rufe baki, ya lashi ruwa. Amatullah da kanta ta cire katakon, ta nemo marafan nan huɗu a bakin murhu ta mayar. Da aka sa shi ciki, ya zauna a ɗumi jim kaɗan, ya kama hanyar gefen sanyi. Hannunta ya tashi zai kamo shi, sai ta mai da hannun cinya.

Ranar ta gane cewa Gaggawa yana bukatar gefen sanyin kamar yadda yake bukatar ɗumin, kuma shi ya fi ta sanin lokacin tashi.