Zangarniya Huɗu

Da na isa gonar, dawakin ba su ko ɗaga kai ba. Su tara ne, haƙarƙarinsu duk a waje, suna fizgar masarar Inna Bessie kamar da gayya. Na bi su da jifa ina zagi. Goɗiyar da ta fita a ƙarshe na gane tambarin da ke cinyarta. Ta yayana Alvin ce.

Shekara uku ke nan da ciyawa ta yi tsada, mutanenmu na ƙabilar Nabaho, a nan Amurka, suka shiga sakin dawakinsu a daji, kowa ya ɗauke kai. Alvin ma ya saki tasa ya koma birnin Phoenix, ya bar mu da alkawarin zai zo ya gyara shinge. Ni da na ajiye aikina na dawo gida jinyar Inna, ni ke ɗaure shingen da igiya.

Inna ta iso tana dogara sanda. Ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa tana shafa karan da aka gutsure, kamar mai duba ciwon jika. Irin nan na mahaifiyarta ne, shuɗiyar masara, kuma ragowar da ke cikin kwalba kaf muka shuka bana.

"Ƙishirwa kaɗai ba ta kashe masara, Verna," ta ce. "Naɗe ganyenta take yi ta jira. Haƙori kaɗai ma, sai ta sake toho. In suka haɗu ne ba ta san wanne za ta ji da shi ba."

* * *

Abin da ya cece mu shi ne shukar Inna. Rami mai zurfi take yi, ta zuba ƙwaya goma sha biyu, su tashi a cunkushe. Na gefe su sha iska da haƙorin zomo, na tsakiya su samu inuwa. A kusurwar gabas kara huɗu na tsakiya suka tsira. Wata biyu ina jigilar ruwa a jarka daga rijiya mai nisan mil ashirin, bayana kamar zai tsinke. Muka samu zangarniya huɗu, gajeru, amma cike. Inna har waƙa ta yi.

* * *

Alvin ya zo lokacin girbi, cikin sabuwar mota. 'Yarsa ta zama budurwa, za a yi mata bikin al'ada, a gasa babbar wainar masara a cikin ƙasa. Masarar kanti gare su, shi kuwa so yake a ce da ta gonar kakarta aka yi.

"Yaya, iri ne fa," na ce. "Goɗiyarka ta cinye sauran."

"Ke dai ba kya rabo da mita. Inna, kin ji ta ko?"

Raina ya ɓaci. Na kalli Inna, ina jiran ta buɗe baki sau ɗaya a rayuwarta. Sai ta tashi ta kwance zangarniyar daga jikin azara, duka huɗun, ta naɗe a gyalenta ta miƙa masa. Jikarta ce, in ji ta, ba za a ce kakar ba ta sa hannu ba.

Ya ce wata mai zuwa zai zo ya gyara shinge.

Da ƙurar motarsa ta lafa, na tarar da Inna a ɗaki ta ɗauko kwalbar iri, ba ko ƙwaya ɗaya a ciki. Ta goge ta da bakin zane, ta murɗa murfin sosai don kada ɓera ya shiga, ta mayar da ita inda take.