Barmo da Layin Tsoffin Sojoji

Saura kwana huɗu bikin ƴancin kai, tsoffin sojojin Faransa suka taru a gindin tsamiya kusa da kasuwar Agiye. Sarjan Ishaku ne babbansu, shi ke faɗin wanda zai shiga layin fareti, Chindo akawu yana rubuta sunaye. Al'adarsu ita ce kowa ya nuna shaidarsa: tabon harsashi, ko lambar yabo, ko ya kwance bindiga ya mayar.

Barmo ya zo da ƙafa daga Gidan Sori. Ba shi da tabo, ba shi da lamba. Shekara shida ya yi a Tulon ta ƙasar Faransa, a ɗakin da ake haɗa makaman jiragen ruwa, kuma yana son a sa sunansa.

"Kai kuma ina ka yi naka yaƙin?" in ji Ishaku.

"Bakin teku, Sarjan. Torfil nike haɗawa."

"Mi ke nan? Abinci?"

Aka yi dariya. Barmo ya tsuguna ya ja dogon layi a ƙasa. Ya ce torfil bam ne, tsawonsa ya kai mutum huɗu a kwance. Jirgin da ke tafiya ƙarƙashin ruwa ne ke sakinsa, shi kuma ya yi ta gudu da injinsa har ya sami jirgin abokan gaba.

"Ƙarya!" wani ya ce daga baya. "In bam ne, ai ku zai fara ci tun yana cikin jirgi."

"Ba ya tashi da wuri, Baba. Akwai ƴar farfela a hancinsa. In ya shiga ruwa, ruwan ke juya ta, ita kuma tana murɗa wani ƙarfe a hankali har ya tura abin da ke kunna albarushin zuwa mazauninsa. Kafin ta gama juyi ya yi nisa da mu. Sai lokacin ne in ya bugi jirgi zai fashe."

"To wa ke ciki yana tuƙi?" in ji Ishaku. "Ubanka?"

A gefe wata tsohuwa, Amina, tana kaɗi tana jiran masu sayen zare. Barmo ya roƙe ta aron mazarinta, ya murza shi cikin ƙoƙo. Mazarin ya tsaya cak yana juyawa. Ya taɓa shi da yatsa, ya ɗan yi rawa, bai faɗi ba.

"Akwai faifan ƙarfe cikin torfil mai juyawa haka. Ba ya yarda a karkata shi. In torfil ya kauce hanya, faifan na nan inda aka saita shi, sai ya ja wutsiyar ta maido shi. Zurfi kuma nauyin ruwa ke gaya masa."

Chindo ya ɗaga alƙalami zai rubuta.

"Dakata," in ji Ishaku. "Na yarda wanga aiki ka yi. Ka taɓa ganin fuskar wanda ya harbe ka?"

"A'a."

"Ka taɓa harba shi da hannunka?"

"Haɗawa nike yi, Sarjan."

"To ku kun ji. Ƙarfe yake gyarawa wasu su ɗauka su tafi yaƙi. Wanga ai maƙeri ne! Ni na bar yatsu biyu a yaƙin Indoshin, in jera da maƙeri? Ranar biki ka nemi ƴan'uwanka masu zuga-zugi."

Wasu suka goyi bayansa da hayaniya. Chindo ya dubi Barmo, ya dubi Sarjan, sannan ya rufe littafin. Barmo ya mayar wa Amina mazarinta, ya yi mata godiya.

Ranar bikin, tsoffin sojoji goma sha bakwai suka wuce gaban jama'a. Taku goma a bayansu, wani mutum ɗaya sanye da farar rigar sojan ruwa yana tafiya daidai da kiɗan ganga. Ishaku ya waiwaya sau biyu, yana yi masa nuni da hannu ya fita. Barmo bai fita ba, bai kuma matso ba, har suka kai ƙarshen fili.