Rediyon Gidanmu

"Mama, don Allah ki yi shiru. Likita ba hira ta zo yi ba," in ji wata malamar makaranta da ta kawo 'yarta asibiti.

"Ƙyale ta," in ji likitar, ta juya takardar gwajin jinin ta hau zana layukan dangantaka a bayanta. "Kaka, wa kika ce fatarsa ta yi fari-fari?"

"Ƙanena. Yayata kuwa gaɓoɓinta suka kumbura, ko allura ba ta iya riƙewa. Ɗanta tun yana goye ake masa allurar sukari."

Malamar ta sunkuyar da kai don kunya. A gida Rediyo suke kiran mahaifiyarta, don babu ciwon ɗan uwa da ba ta haddace ba. Ta dubi 'yarta Auta, mai shekara bakwai, tana tari a cinyar kakarta. Sau tara ke nan ana kwantar da ita. Dangin miji sun gama yanke hukunci: uwa ce ta fifita allo da alli a kan 'yarta. Ita ma, a ɓoye, ta fara yarda.

Likitar ta haɗa layukan, ta ɗago.

"Gwajin ya nuna jikin Auta ba ya haɗa isassun sojojin kariya. Labarin Kaka ya nuna mana mafarin: gado ne. A wasu dangin, garkuwar jiki rikicewa take ta auka wa mai ita, fata ko gaɓa. A wasu, rauni take yi."

"To... ba sakacina ba ne?"

"Ko kusa. Kuma akwai magani. Duk wata za mu ƙara mata abin da jikinta ya rasa ta jijiya. Za ta koma makaranta, har ki gaji da sayen takalma."

Kuka ya ƙwace wa malamar, irin mai haɗe da dariya, wanda ta shekara bakwai tana haɗiyewa. Auta ta zaro ido.

"Ka ji ta," Kaka ta gyara zama. "Ɗazu wa ya ce in yi shiru?"

Malamar ta share fuska, ta ciro biro daga jaka ta danƙa wa likitar, ta kama hannun tsohuwar.

"Ƙaro takarda, Likita. Mama, ƙure murya, ba mai sake kashe ki. Gobe duk wanda kika ambata, ni zan kawo shi gwaji da kaina."