Hoton Kan Mai Walda

Mai Walda kowa ke kiransa, har matarsa idan tana jin tsokana. Ya tsufa yana tsugune gaban ƙofofi da tagogin ƙarfe, kafin ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin shagonsa, kansa na sara kamar an sa gatari. A asibiti aka ce wata jijiyar jini ce a ƙwaƙwalwarsa ta kumbura kamar balan-balan, har ta fara tsiyaya. Ba a buɗe kan ba. Ta cinya aka zura siririn bututu har can, aka cusa wa kumburin wata lallausar waya, ta nannaɗe a ciki don jini ya daina shiga.

Da ya farfaɗo ya ji bayani, sai ya yi dariya. "Wato faci aka yi min. To, Allah Ya sa mai facin ya iya aikinsa."

Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta ce aiki ya yi kyau, amma wayar takan lotsa, jini ya sake samun hanya. Dole a riƙa ɗaukar hoto ana dubawa.

Da lokacin hoton ya yi, matarsa ta raka shi ɗakin babbar na'urar nan mai maganaɗisu. Ya cire agogo da bel, har ya sa rigar asibiti, sai mai ɗaukar hoton ya tambayi sana'arsa.

"Walda."

"Ƙarfe ya taɓa faɗa maka a ido, Baba?"

"Ɗana, ka tambayi mai gasa nama ko hayaƙi ya taɓa shiga idonsa?"

Mutumin bai yi dariya ba. Ya tura shi hoton ƙashi, aka ga ɗan ɓarɓashin ƙarfe kwance can bayan idon hagu. Aka ce maganaɗisun zai iya fizgo shi ya yaga idon. Aka mayar masa da agogonsa.

Sai aka gwada wata na'urar. Likitar ta juyo masa da allon ya gani da kansa: daidai inda wayar take, haske ne ya tarwatse ko'ina, ya rufe jijiyar ruf.

"Kamar ka kalli wutar walda ba gilashi," in ji shi.

"Haka ne. Ba na ganin komai a wurin."

Saura hanya ɗaya: a sake zura bututu ta cinya, a ɗura ruwan da ke bayyana jijiyoyi. Aka yi. Hoto ya fito tas, ya nuna 'yar kafa a wuyan kumburin, jini na leƙawa. Amma ruwan ya taɓa masa ƙoda, wadda da ma ciwon suga ya ci ƙarfinta. Ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Likitan ƙoda ya ce kada a kuskura a sake.

Daga nan zaman gidan ya canja. In ya dafa goshi, matar ta ajiye abin da ke hannunta. In ya daɗe a banɗaki, ta zo ta ƙwanƙwasa. Jikarsa da ta saba ɗare masa wuya, aka hana ta. Shi kansa ko atishawa ta taho sai ya danne ta, idonsa na ruwa.

Ya koma wurin likitar. "Kafar nan, ta ƙaru ko tana nan yadda take?"

"Ban sani ba, Baba. Ba ni da abin da zan leƙa da shi."

"In aka cire ƙarfen idon fa?"

Ta ce likitan ido ya duba. Ɓarɓashin yana manne da jijiyar gani, cire shi zai iya tafiya da idon.

A hanyar gida matarsa ta tsaya cak. "Maigida, ido fa? Lafiyayyen ido za ka bayar don hoto?"

"Ina da biyu. Kai kuwa ɗaya ne."

"Ba abin wasa ba ne."

"Ni ma ba wasa nake ba. Na gaji da kwana da abin da ban san girmansa ba. Ke ma kin gaji, ba kya faɗa ne kawai."

Ta gyara mayafi, suka ci gaba da tafiya.

Aka yi aikin. Ƙarfen ya fita, ganin idon hagun ma ya bi shi. Da ya warke, aka kwantar da shi a cikin na'urar mai maganaɗisu, tana ta ƙwanƙwasa kamar ana dukan kwano, shi kuwa zuciyarsa wasai, don yau dai za a gani.

An kuwa gani. Likitar ta daɗe tana kallon allon kafin ta juyo. Kafar ta faɗaɗa. Kuma daga bakinta wata siririyar jijiya ta fita, wadda ke ciyar da sashen magana da motsin hannun dama. In aka ƙara waya, jijiyar za ta iya toshewa. In aka buɗe kan, jikinsa ba lallai ya ɗauka ba. Ta nuna wa manyanta, duk bakinsu ɗaya.

"To me za a yi?" in ji matar.

"Za mu ci gaba da ɗaukar hoto. Ya kula da hawan jini."

"Ku riƙa kallonta tana girma ke nan," in ji shi.

Likitar ba ta musa ba.

Ya gwada komawa shago. Da ido ɗaya, sandar walda ta riƙa sauka gefen layi, ɗinkin ya fito a karkace. Ya kashe injin, ya rufe ƙofa, ya bai wa maƙwabcinsa makulli. Da ya iso gida matar tana shanya. Ta tambaye shi ko kan ne. Ya ce a'a, ya ja kujera inuwa ya zauna, ita kuma ta bar sauran kayan a bokiti ta zo ta zauna kusa da shi.