Waƙa Ba Ƙarar Dutse

"Kai ka kashe ta, Ubale! Kai da wannan bakin naka!"

A ƙofar zaure Iya Larai ta faɗi haka, gaban maza masu zaman makoki. Kwana uku ke nan da binne Zinariya, matar Ubale, maƙwabciyarta da zana ɗaya ta raba su tun kafin yunwar Kakalaba.

Ubale ya ɗago kai. "Iya, kububuwa ce ta sare ta a gindin rumbu. Kowa ya ga ƙafar."

"Maciji ƙafa ya sara. Harshen fa, wa ya ɗaure mata shi?"

Duk garin an san Zinariya da in'ina. In ta buɗe baki za ta yi magana, sai kalmar ta maƙale, jijiyar wuyanta ta tashi, muryar ta fito kaurara, guntu-guntu. Ubale ba ya jira. "In ba za ta fito ba, haɗiye ta," haka yake ce mata, har gaban baƙi. Da haka ta daina gwadawa. Amma in ta durƙusa kan dutsen niƙa, sai wata murya dabam ta fito, siririya, ba gargada ko ɗaya. Fulanin da ke wucewa da tallan nono har tsayawa suke su saurara.

Mai gari ya yi gyaran murya. "Iya, a yi haƙuri. Kwana ne ya ƙare."

"Ranka ya daɗe, ban musa ba. Amma mace ta kwanta tun hantsi har azahar, ta kasa ƙwala ihu, don an koya mata kunyar muryarta. A tambaye shi!"

Ubale bai ɗaga murya ba. "Ni ina gona. Ke kina gida, Iya. Kin ji ta, ko ba ki ji ta ba?"



Larai ta ji ta. Ranar Alhamis ce, tana tsakar gida tana shirya daddawa a ƙwarya don kasuwar Maigatari, abokan tafiya na jiran ta a bakin rijiya. Sai ga waƙa ta tsallako zana: "Larai, zo, Larai ta Ilu, zo ki gan ni." Ba ranar da Zinariya ba ta sa sunanta a waƙar niƙa, wata rana yabo, wata rana tsiya. Kuma a garin nan ba a katse mai niƙa. In mace na waƙa a kan dutse, an san lafiya take. Larai ta ɗaga murya ta ce, "Ja'ira, yau ma da ni kika tashi? Sai na dawo!" Ta ɗora ƙwarya a ka ta fita.

Sai da ta yi nisa a hanya abin ya faɗo mata: waƙar ba gurzar dutse a ƙarƙashinta. Murya ce tsirara. Ta tsaya cak, har wata ta ce, "Iya, ƙaya ce?" Ta ce a'a. Ta ci gaba da tafiya.

Abin da ya fi ci mata rai, ita ce ta koya mata dabarar. Tun Zinariya na amarya ta ce da ita, "'Yar nan, in maganar ta maƙale, rera ta. Ni dai zan gane."

Da ta dawo da la'asar ta tarar da tsakar gidan Ubale cike. An kirawo Bappa daga ruga, mai maganin sara, ya dubi ƙafar da ta kumbura har cinya, ya dubi jinin da ke tsattsafowa daga dasashi, ya ce da tun da hantsi aka kira shi, da an dace. Larai ta durƙusa ta tallabo kan Zinariya. Zinariya ba ta rera ba. Da muryar nan kaurara ta yi ta kokawa, Larai kuwa ta jira, ba ta ƙarasa mata ba kamar yadda ta saba.

"La... La... Larai. Na... na kira ki."

Maganarta ta ƙarshe ke nan a duniya.

Yanzu maza sun zuba wa Larai ido. Ta gyara tsayuwa.

"Na ji ta," in ji ta. "Na ji, na amsa da tsiya, na tafi sayar da daddawa. Ku rubuta min wannan, ku da kuka iya allo. Amma ba ni kaɗai zan ɗauka ba. Da yana barin ta ta ƙarasa magana ko sau ɗaya, da ihu za ta yi, ba waƙa ba. Ranka ya daɗe, ni na amsa nawa. Shi ma ya buɗe baki ya amsa nasa, yau, a nan. Ba inda za ni."

Ta zauna a ƙasa dirshan. Ubale ya juya ya dubi cikin gidansa. Ta cikin zaure ana hango dutsen niƙa a gindin zana, ɗan dutsen kife a kansa, kaza na tsattsagar tsakin da ya rage a gefe.